Yadda Muka Kai wa Goggo Kulu Karatu Har Kandi

Tun da na dawo daga Kandi ban huta da tambaya ba. A ofishin malamai, a gidan suna, har a bakin famfo sai an tare ni: "Malama Luba, yaya ƙasar Faransai? Wai da gaske mata ke tuƙa babur can?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu. Ga shi kuma na ji yayana Sahabi yana yawo cikin Bagudo yana ba da nasa, wanda a ciki shi ne mai hangen nesa, ni ce mai taurin kai. To ga nawa, tun daga farko.

Goggo Kulu ƙanwar babanmu ce. Aure ya kai ta Kandi, cikin Benin, tun ina firamare. Da mijin ya rasu sai ta ci gaba da zama can tare da ɗanta Bashiru, tana sayar da atamfa. Ita ta sa mini son karatu. Ba ta yi boko ba, ajin yaƙi da jahilci ta shiga tana goye da ɗa, amma tun da ta iya haɗa baƙi ba a ƙara ganin ta zaune hannu sake ba. In ta zo ganin gida, rabin kayan da take komawa da su littattafan Hausa ne.

Sai ciwon yanar ido ya rufe mata idanu. Aka yi mata aiki a na dama a Faraku, ya ɗan buɗe, tana gane mutum in ya matso kusa, amma rubutu ya gagara. Likita ya ce na hagun ya fi lafiya daga ciki, in aka cire yanar zai gani sosai. Goggo ta ce an yanka ɗaya ba ta ga abin da ya ƙaru ba, ba za ta sake kwanciya a yanka na biyu ba. Ana nan sai Saratu, matar Bashiru, ta kira ni tana kuka. Ta ce Goggo ta daina zuwa rumfa, ta daina hira, abinci ma sai an yi da gaske. Ta kan wuni fuska ga bango.

Da aka ba mu hutun damina na ce zan je in zauna da ita, in riƙa karanta mata. Maigidana ya yarda, da sharaɗin ba zan tsallaka iyaka ni kaɗai ba. Haka Yaya Sahabi ya shigo cikin tafiyar, kuma daga nan wahalata ta fara.

Ranar tafiya ya zo ɗaukata da sassafe, ya ɗaga jakata ta gana-mas-go, ya sake ta ƙasa.

"Luba, mi kika cika ma jakkar ga? Duwatsu?"

"Littattafan Goggo na."

Ya yi mini irin dariyar da ma'aikatan sakatariya ke yi wa mutanen ƙauye. Ya sa hannu cikin riga ya zaro wata babbar waya mai faɗin allon karatu, wadda ake ce wa tabulet. Ya ce duk abin da ke cikin jakata, da ninkinsa, yana nan ciki, wani abokinsa ya zuba masa. Ya ce takarda ta mutu, ni kaɗai ce ban je jana'izar ba.

Na ce, "Yaya, Goggo ta san ƙamshin littafi. Ba za ta so a karanta mata labari daga cikin gilashi ba."

"To ɗauki kayanki, ni ba ni ɗauka."

A tasha direba ya gwada nauyin jakar ya ce wannan mutum ce, sai an biya mata kujera. But ɗin motar ya riga ya cika da buhunan albasa. Haka jakar ta zauna kusa da ni a baya, ɓangaren mata, tana danne mini cinya duk lokacin da muka faɗa rami. Muka haye gadar Tuga, Kwara ta cika ta batse, masunta na jan koma daga ƙasa, amma ni ban ga komai da kyau ba saboda jakar ta tare mini taga.

Ban san shingayen da ke tsakanin Bagudo da Kaoje suna da yawa haka ba sai ranar. Kowane muka iso, ido sai kan jakata. "Hajiya, mi ke ciki?" In ce littattafai ne. A ce a buɗe. Ba mai yarda cewa mace mai hankali za ta ɗauki littattafai zuwa bakin iyaka, kowa yana zaton akwai wani abu a ƙarƙashi. A wani shingen zif ɗin ya tsinke gaba ɗaya, na ɗaure bakin jakar da tsohon ɗankwali.

Da zif ya tsinke ne wani Alhaji mai fataucin shanu, da ke zaune gaba tare da Yaya, ya waiwayo ya hango bangon wani littafi mai hoton mace da lalle. Ya yi salati da ƙarfi.

"Subhanallahi! Malama, ke da hijabinki har ƙasa? Waɗanga littattafan soyayya su sunka lalata muna ɗiya. Tun da shari'a ta zo ya kamata a ce an tara su an ƙone."

Ya yi ta wa'azi har muka wuce ƙauyuka biyu. Da ya gaji, sai Yaya Sahabi ya fito da allonsa ya kunna masa karatun wani alaramma. Alhaji ya karɓa da hannu biyu, yana shafawa, yana cewa, "Ka ga abin albarka. Irin wanga ya kamata ka saya ma ƙanwarka." Littattafan da ya gama tsine wa suna kwance cikin abin da yake shafawa, har da waɗanda ni kaina ba zan iya karantawa a gaban mutane ba. Yaya ya waiwayo ya kashe mini ido. Da ba don azumin nafila da matar da ke gefena take yi ba, da na faɗi abin da zai karya mata shi.

A Tsamiya mota ta ƙare, sai 'yan kabu-kabu. Ni da ko cikin gari ba na hawa bayan baƙon namiji, ranar dole ta sa. Babur uku muka ɗauka: ɗaya nawa, ɗaya na Yaya, ɗaya na jaka.

Iyakar da nake ji tun ina yarinya, ashe igiya ce aka gitta a hanya, da rumfa a kowane gefe. Jami'anmu suka duba katinmu suka sallame mu. A ɗaya gefen wani jandarma ne, ɗan sandan can, dogo, baƙi, zaune ƙarƙashin bishiya, yana jin Hausa irin ta kasuwa. Ya kalli allon Yaya, ya ɗauka waya ce, ya miƙa masa abinsa. Ya zo kan jakata ya tsaya. Ya ce an hana shigo da takardun da ke tayar da fitina, shi kuma ba ya karanta Hausa, don haka ba shi da hanyar sanin abin da ke ciki.

"Labarai ne kawai, ranka ya daɗe."

Ya zaro ɗaya, ya buɗe tsakiya, ya ɗora yatsa. "Karanta nan."

Na duba wurin, na ga zancen soyayya ne. Na ce ko zai buɗe wani shafin. Ya ce a'a, nan ɗin da ba na so, nan yake so. Ga 'yan kabu-kabu sun kashe injin, ga mata masu tallan nono sun sauke ƙwarya, ga yayana uwa ɗaya uba ɗaya. Ni, matar aure, malamar da ɗalibai ke gudu in sun hango, na tsaya bakin iyakar ƙasa biyu ina karanta yadda wani saurayi ke gaya wa budurwa cewa tun da ya gan ta a bakin rijiya tuwo ya daina yi masa daɗi. Na kai ƙarshen shafi na rufe.

Jandarma ya ce, "To? Ta yarda?"

Na ce ban sani ba. Ya ce in duba. Sai da na juya shafi na gaya masa cewa ta ce ya je ya ga babanta, sannan ya gyaɗa kai, ya ce yarinyar tana da tarbiyya, ya sa aka sauke igiya. Yaya Sahabi ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Ba mu yi nisa ba hadari ya haɗo. Hanyar Segbana jar ƙasa ce, ba gida ba rumfa, ruwa ya same mu a fili. Yaya ya sa allonsa cikin ledar burodi ya tura cikin riga, shi ke nan. Ni kuwa ina hangen babur ɗin jaka a gabana, ɗankwalin da na ɗaure ta da shi yana kaɗawa, ruwa na shiga ta baki kamar ana cika randa. Na yi ta ƙwala wa mai babur kira ya tsaya, iska na kwashe muryar.

Muka isa Segbana jiƙe sharkaf, motar Kandi ta ƙarshe ta tashi. Yaya ya nemi gidan wani mai sayen masara da Bashiru ya yi mana kwatance. Matarsa, Hajiya Fati, Badendiya ce mai jiki da fara'a, ta tarbe ni da "Fofo, fofo," wato sannu da zuwa, ta ba ni zane na canza. Da ta ga abin da nake fitarwa daga jaka ina kuka-kuka, ba ta tambaye ni komai ba, ta shimfiɗa tabarmin shanyar kuɓewa a baranda, muka jera su ɗaya bayan ɗaya. Na sama sun kumbura sun zama kamar ƙosai. Na tsakiya da sauƙi. Da rana ta fito washegari muka fitar da su tsakar gida, na juya baya in yi alwala, na dawo na tarar akuya ta cinye bangon ɗaya tana neman na biyu.

Abincinsu sai wanda ya saba. Da yamma aka kawo wani tuwon masara mai tsami, sanyi ƙalau, naɗe cikin ganye, da miyar tumatir da soyayyen cukun Fulani da suke kira wagashi. Cukun na ci na ƙara. Tuwon kuwa na ɗauka ya lalace ne, na matsa wa Hajiya Fati a hankali na ce kada yara su ci. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce haka ake son sa. Da safe babu koko babu ƙosai, sai burodi dogo kamar sanda, mai taurin da ke kankare dasashi, da kofi mai madara har ya yi kauri.

A nan na sami nasarata ta farko. Yaya ya wuni yana nuna wa mutane allonsa, caji ya ƙare. Ya ɗauko caja ya nufi bango, ya tsaya. Soket ɗinsu ƙananan ramuka biyu ne zagayayyu, cajarsa mai ƙafa uku ce masu faɗi. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

Na ce, "Yaya, ko in ara maka littafi? Ya ɗan jiƙe, amma shina kamawa ba wuta."

Ya cusa cajar cikin aljihu ya fita.

Maganar mata da babur gaskiya ce. A hanyar Kandi na ga mace da hijabi, goye da jariri, buhun gawayi a baya, ta wuce motarmu tana danna oda. Na ga kuma shagon giya a buɗe da rana tsaka, kujeru a waje, ba nisa da masallaci, ba wanda ya kalli wani. Yaya ya yi ta istigfari, amma bai daina leƙe ba.

Da na ga Goggo sai duk abin da ya same ni a hanya ya zama ba komai ba. Matar da in ta yi dariya ana ji daga zaure, ta koma 'yar mitsitsiya a kan katifa. Ta shafa fuskata ta ce, "Lubabatu, ke ce? Kin sha hanya a banza." Na ce ba a banza ba, na zo mata da kaya. Na ɗora mata littafi a hannu. Ta kai hanci ta shaƙa, ta daɗe, na kalli Yaya don ya gani.

Bayan azahar na zauna gefenta na fara karatu. Ban yi shafi biyu ba ta ce ina sauri. Na rage. Ta ce yanzu kuma ina ja kamar mai karanta wasiyya. Na gyara. Ta ce me ya sa nake canza murya in mace na magana, ita ba yarinya ba ce. Can ta ɗaga hannu.

"Bari, ɗiyata. Ba laihinki ba na. Karatu da kunnen mutum da bakin wani, kamar a tauna maka abinci ne a ba ka. Ni na saba in tsaya inda nike so, in koma baya in na ga dama."

Ta juya fuska ga bango. Na fita bayan ɗaki na yi kukana. Jakar da na biya wa kujera, na sha wa'azi da kunya da ruwan sama a kanta, ga ta nan jingine ba ta da amfani.

Shi kuwa Yaya yana can yana fama da kasuwa. Ya fita neman abin da zai haɗa cajarsa da soket ɗinsu, ya tarar duk shaguna a rufe. Mutanen Kandi in rana ta take sai su kulle su tafi gida su kwanta, ko da kuɗi a hannunka, sai wajen la'asar. Ya dawo yana faɗa, ya koma, ya samo. Da allon ya kawo sai wani abin ya fito: yawancin littattafan da abokinsa ya zuba masa suna ne kawai, ba a sauke su ba, sai da data, layinmu na gida kuma ko ɗigon sabis babu. Kaɗan ne suka buɗe. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna halin da nake ciki, na rufe.

Washegari da hantsi Saratu ta lallaɓa Goggo ta fito tsakar gida shan iska. Yaya na zaune kusa da ita a kan tabarma, yana yi wa Bashiru burga. Ba don Goggo ya yi ba, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Yana cewa, "Ka ga, in rubutu ya yi maka ƙanana, sai ka yi haka," ya ware yatsu biyu a kan gilashin. Baƙaƙen suka kumbura, kowane ya kai girman babban yatsa, baƙi wuluk a kan fari mai haske.

Goggo ta ce, "Wancan ba 'wa' ba ne?"

Ta miƙa hannu, Yaya ya ba ta. Ta kawo shi dab da idon dama, ta karkata kai. Leɓenta ya fara motsi. "Wa... ta... ra... na." Ta sake, da ƙarfi: "Wata rana." Saratu ta saki muciya ta toshe baki. Goggo ba ta ko kalle mu ba, ta ce, "Yaya ake juya shi?"

Na yi murna, Allah ya sani. Amma ina share hawaye ina jin haushi, domin Yaya Sahabi ya miƙe tsaye yana gyara wuyan riga kamar shi ya ƙera abin.

Daga ranar na zama baiwar allo. Kalma uku ko huɗu ke cika fuskarsa, don haka kowane numfashi sai an juya. Yatsan Goggo ya saba da lasa da kama gefen takarda, in ta taɓa gilashin sai shafi ya gudu, ko rubutu ya koma ƙanana, ko hoton Yaya a wurin wani biki ya fito. "Lubabatu! Ya tsere!" Ina wanka, ina salla, ina cin abinci. In caji ya ƙare ta zauna tana tsaki har ya cika. Ta ce abin yana sa mata ruwan ido, ba ya da ƙamshi, ba ta sanin ko ta kusa ƙarshe ko da saura. Amma ta koma cin abinci, don ta gane in ba ta ci ba hannunta rawa yake yi.

Matan unguwa kuwa suka ji an kawo littattafan Hausa, suka yi ta sallama. Su makarantar Faransanci suka yi, sai ka ji mace ta karanta "ci" ta ce "si", ta tsaya tana mamakin abin da ake nufi. Duk da haka suka ɗiba, har da kumburarrun.

Labarin da Goggo ta kama na wata mata ce da mijinta ya tafi ci-rani ya bar ta da rikicin gona. Littafi uku ne. Wata la'asar ta kai ƙarshen na ɗaya, daidai inda aka kira matar gaban alƙali. Ta ce a buɗe na biyu. Yaya ya taɓa, ya sake taɓawa. Na biyu suna ne kawai. Bashiru ya haɗa shi da layinsa na can, abin ya yi ta juyawa, daga baya ya ce an cire littafin daga inda yake.

Na tashi na zazzage jaka. Na biyu da na uku suna ciki, na tsakiya ne, ruwa bai ci su sosai ba. Na ɗora mata a cinya.

Ta buɗe. Ta kai shi dab da ido, ta nisanta, ta juya wajen haske. Na ce in karanta mata. Ta ce a'a. Yaya ya ce zai ɗauki hoton kowane shafi ya ƙara masa girma. Aka gwada. Takardar ta yamutse saboda ruwa, hoton ya fito rabi a sarari rabi a dushe, in ta ja gefe ɗaya sai layin ya ɓace mata. Ta yi fama da shafi ɗaya har aka kira magariba. Sannan ta ajiye allon a tabarma da ƙarfin da ya sa Yaya ya zabura.

"Wanga wane irin wulaƙanci na? Wanda nika gani ba shi da labarin, mai labarin ba ni ganin shi."

Ta riƙe littafin a ƙirji, tana huci. Can ta ce, "Bashiru."

"Na'am, Inna."

"Likitan nan na Faraku, mai sanyin hannu. Shina nan?"

"Shina nan, Inna."

"Kira shi gobe. Kuma a gaya ma matan ga, duk wadda ta ɗauki littafi ta maido. Ba kyauta ba ne."

Hutu ya ƙare kafin ranar aikin, dole muka juyo. Littattafai suka zauna. Da Yaya ya miƙa hannu zai ɗauki allonsa, Goggo ta ɗora tafin hannu a kai ta ce da me yake so ta zauna kafin a buɗe mata ido. Haka muka hau babur daga Segbana, ni ba jaka, shi ba allo, muna gardamar wanda ya yi nasara har Tsamiya. A shingayen hanya ba wanda ya ko dube mu.

Ranar da aka cire mata bandeji ina cikin aji, waya ta yi ƙara. Na fita baranda da gudu.

"Goggo? Yaya idon?"

"Lubabatu, ashe labulen ɗakina ruwan ɗorawa ne da ja? Ke kin zo kin gani da idonki, kika yi shiru?"

"Goggo, kina gani ke nan!"

"Ina ganin abin da ya ishe ni. Saratu na cire shi yanzu."

Na ce, "To littafin fa?"

"An shiga kotu. Kashe wayar, kina ɓata mani lokaci."